Fentin Zulfa a Hannun Baƙuwa

Yolde Pate, Yola
Nuwamba, 2014

Zuwa ga Adda Zulfa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zaman Kaduna. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Goggo da ta sake tashi, yanzu a zaune take sallah. Ta ce in tambaye ki ko kina cin abincin kirki, ko kuwa shayi da burodi ne kamar yadda ta san ki.

Saƙonki ya iso. Ya'u direba ya kawo har gida, bai bari na je tashar Jambutu ba. Ba kwalbar da ta fashe. Farin fentin nan mai ƙyallin lu'ulu'u ya fi na bara kyau. Na ɗiga a bayan hannuna na fita rana, yana walƙiya kamar ɓawon kifi.

Kin ji labarin Mubi a rediyo, amma abin da suke faɗa bai kai rabin abin da muke gani ba. Yola ta cika da waɗanda suka gudo. Mutane a masallatai, a coci, a makarantu, wasu a gindin bishiya da ƙunshin kayansu. Rannan Goggo ta tafi asibiti don gwiwarta, sai ga ta ta dawo da wata mata. A bakin titi ta same ta zaune, takalmi ɗaya a ƙafa, ba ta kuka, ba ta roƙo. Sunanta Peculiar, malamar firamare ce daga Michika. Sun fara gudowa Mubi ita da mijinta Ephraim. Da Mubi ta faɗi suka sake gudu, a cikin daji suka rabu, har yau babu labarinsa. Bappa ya ɗan yi magana a kan kawo baƙuwar da ba a san asalinta ba, Goggo ta ce gidan nata ne. Kin san ta.

Ɗakinki muka buɗe mata, tunda shi ne a rufe. Kayanki na tattara su cikin akwati, ban bar komai a waje ba.

Da farko ko magana ba ta yi, abinci ma sai Goggo ta zauna a gabanta. Wata safiya ina haɗa fenti a zaure don katunan bikin mutanen unguwar Alkalawa, sai na ga ta tsaya a kaina. Ta ce in daina juyawa da sauri, in ɗiga ruwa in bar shi ya jiƙa tukuna, ƙyallin a ƙasan kwalba yake kwance. Doguwar magana ta farko ke nan da na ji daga bakinta. Ashe zane take koyarwa. Ta tambaya ko muna da baƙin kati, na lalubo mata wasu da kika ajiye ba ki taɓa amfani da su ba. Tun ranar take fitowa zaure.

Ga ɗaya na sa miki cikin wasiƙar, ki karkata shi a haske ki gani. Kada aikin katin nan ya dame ki ko kaɗan, ki mai da hankali kan naki. Mu nan ba mu rasa hannu ba.

Ƙanwarki,
Yusrah


Kaduna
Nuwamba, 2014

Yusrah,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Allah ya ƙara wa Goggo sauƙi. Ki ce mata ina cin tuwo, ki kuma ɓoye tsintsiya, don na san ba za ta zauna ba. Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa, ya haɗa baiwar Allah nan da mijinta.

Na karkata katin. Na karkata shi a taga, na karkata shi a ƙarƙashin fitilar ofis. Duwatsu ne farare a kan baƙi, in an juya su koma shuɗi. Ba sai kin gaya min ba hannunki ba ne. Yana da kyau. Amma wa zai kai wa amarya baƙin kati? Tun kafin ki iya riƙe almakashi daidai nake wannan sana'a, a kan farin kati da mai ruwan madara nake sa fentin lu'ulu'u, ba wanda ya taɓa dawo min da aiki. Na kuma ga sawun siririn buroshina a gefen duwatsun, wanda na ce ko ke kada ki taɓa.

"Ba mu rasa hannu ba." Na karanta layin nan har na haddace shi. Ban san 'yan watannin nan sun isa a cike gurbin mutum ba. Ni ba yawo ya kawo ni Kaduna ba. Ina gaban kwamfuta a kamfanin ɗab'i daga safe zuwa magariba, ranar hutuna kuma in shiga kasuwa shago-shago ina nemar muku fenti.

Ba na ƙin a taimaki wanda ke cikin wahala. Amma ɗakina ne. Da an kira ni an tambaya, a'a zan ce? Ita Goggo ba ta ce komai ba lokacin da ake kwashe kayana?

Ki tuna hatimin da muke bugawa a bayan kowane kati sunan mutum biyu ne a jiki, Zulfa da Yusrah.

Addarki,
Zulfa


Yolde Pate
Disamba, 2014

Adda Zulfa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwar Goggo da sauƙi, Peculiar na gasa mata da ruwan ɗumi kowace safiya.

Adda, kin karanta layin nan a juye. Nufina kada ki zauna can kina tunanin aiki ya yi min yawa ni kaɗai, shi ke nan. Batun ɗaki kuwa, mun neme ki a waya ranar, layi bai shiga ba, kuma ba mu iya barin mata ta kwana a tsakar gida. Buroshinki na wanke na mayar gidansa. Ki yafe.

Kin tambaya wa zai karɓi baƙin kati. Bari in ba ki labari. Peculiar ta je coci a Demsawo da ɗaya a jaka. Wata tsohuwa daga garinsu ta karɓa ta juya shi, ta gane dutsen da ke bayan unguwarsu, ta kira sunansa, ta zauna a ƙasa tana ta kallo. Washegari mata suka fara sallama a zaurenmu. Kowa na son na Kirsimeti, don ya aika wa nasa da suka warwatse, wasu Jos, wasu Abuja, wasu Legas. Waɗanda suka gudo ba da komai ba Goggo ta ce a ba su haka nan. Yanzu har 'yan matan Alkalawa sun fara cewa irin mai duhun nan suke so na bikinsu, wai ƙyallin ya fi fitowa.

Da kin ga yadda take aiki. Ba ta cika ruwa, katin ba ya lanƙwashewa. Sai ta shafa siriri ta bari ya bushe, ta sake bi ta kai. Taurari kuma da tsohon buroshin haƙori take yayyafa su. Tana cin abinci yanzu, har dariya ta yi da Goggo ta ce sai ta koya mata Fillanci. Goggo na kiranta ɓingel am, wato 'yata, kamar yadda take kiranmu muna yara.

Fari da shuɗi sun kusa ƙarewa, kore ma ya yi ƙasa. Mun zaga kasuwar Jimeta kaf, babu irinsu. Don Allah ki ba Ya'u in zai taso.

Ƙanwarki,
Yusrah


Yolde Pate
Fabrairu, 2015

Adda,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Ya'u ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Ya ce ya kai miki wasiƙata har ofis, kin karɓa, kin ce babu saƙo. In na kira ki sai ki gaisa da Goggo ki ce kina cikin aiki. Goggo ta fara tambaya ko wani abu ya shiga tsakaninmu. Na ce mata babu.

Fenti ya ƙare tun bayan Kirsimeti. Mun kankare kwalabe har gilashi ya fito. Peculiar ta gwada daka kwalliyar ido ta mata, mai ƙyallin nan, ta kwaɓa da ƙaro. A jiƙe kamar gaske, da ya bushe sai ya riƙa bin yatsa. Mutanen wani biki suka dawo mana da katunansu, uwar amarya ta nuna min gyalenta duk ƙyalli. Na yi ta ba ta haƙuri.

Ba wannan ya fi damuna ba. Sojoji sun karɓe Michika, waɗanda suka leƙa sun dawo suna faɗin gidajen da aka ƙone da sunayen waɗanda aka binne. Ba wanda ya ga Ephraim, a raye ko a mace. Lokacin da akwai aiki a gabanta, in ta ji irin wannan labari sai ta sunkuya kan kati har ya wuce. Yanzu ta koma zaman bakin gado, hannu a cinya. Jiya tuwonta ya kwana a rufe.

In ba ki samu fentin ba ne ki gaya min. In ni na yi laifi, shi ma ki gaya min.

Yusrah


Kaduna
Maris, 2015

Yusrah,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ki gaishe da Goggo.

Na samu fentin. Tun Disamba na saye shi, fari da shuɗi da kore, har da wani sabo ruwan hoda mai komawa ruwan gwal. Yana nan kan teburina, a leda. Zan gaya miki abin da ya hana shi tafiya.

Ranar da zan kai wa Ya'u, wata abokiyar aikina, Basma, ta shigo da kati a hannu. Wata maƙwabciyarta 'yar Adamawa aka aiko wa, ita kuma ta ara don ta ga sunana a baya. Kogin Binuwai ne da yamma, da kwalekwale, da gadar Jimeta can nesa. Ruwan kamar yana tafiya in ka motsa hannu. Aka taru a kaina. Har shugabanmu, wanda bai taɓa cewa aikina ya yi kyau ba, ya cire tabarau ya duba. Basma ta ce, "Ashe kin iya irin wannan kika zauna kina jera haruffa a kwamfuta?"

Na yi murmushi. Na tsaya ana yaba min aikin matar da ban taɓa gani ba, wadda ke kwana a gadona, da fentin da na sayo, Goggo na kiranta da sunan da take kirana. Da na koma masauki na ɗauko baƙin kati na gwada. Na ɓata ɗaya, na ɓata wani. Nawa kogin kamar an zubar da nono a kwalta.

Kina rubuto min tana gasa gwiwar Goggo, tana dariya, tana cin abinci, ba ta ci ba. Shafi guda ita ce. Kin taɓa tambayata ni wa ke duba ko na ci?

Ina tausayinta, Allah ya sani. Amma ba zan zama mai yi mata cefane ba, ana buga sunana a bayan abin da ba hannuna ba. Ko a koma irin aikin da na bari, ko a cire ni daga hatimin. Ki zaɓa.

Zulfa


Yolde Pate
Maris, 2015

Adda Zulfa,

Assalamu alaikum. Goggo na gaishe ki, ba ta san abin da ke cikin wasiƙarki ba, kuma ba zan karanta mata ba.

Peculiar ba ta zana kogi. Ba ta taɓa zana komai ba sai duwatsun garinsu. Ta ce in ta ɗaga buroshi su kaɗai take gani.

Katin da Basma ta kawo miki ni na yi shi. Na je bakin gada da yamma na zauna ina kallon ruwa, na dawo na ɓata kati ya fi naki yawa kafin ya fito. Na so in aiko miki da na farkon da ya yi kyau, sai na tuna kin ce ba sai an gaya miki ba hannuna ba ne. Na fasa.

Adda, ke 'yar Bappa ce, ni 'yar ƙaninsa, amma tabarma ɗaya Goggo ta shimfiɗa mana, kuma ban taɓa mayar miki da magana ba. Yau zan yi. Tun da muka fara wannan sana'a ni ce mai yanka kati, mai ninkewa, mai wankin buroshi, mai bin gidajen mutane. Sunana yana hatimi, amma fuskar kati taki ce ke kaɗai. In na ce in gwada sai ki ce fentin da wuyar samu, zan ɓarnatar. Ina kallon ki ana cewa hannun Zulfa, hannun Zulfa, ina komawa bayan gida ina zane da tsinke a ƙasa. Kin zaci ke kaɗai kika san wannan zafin? Kika samu aiki kika tafi, aka raka ki tasha, ni na dawo na share zaure.

Wannan matar da ta rasa komai ita ce ta fara miƙo min buroshi ta ce, "Yi, in ya ɓaci ya ɓaci."

Kin ce in zaɓa. Ba zan koma ba. Na ba Ya'u hatimin, ga shi nan cikin ƙyalle tare da siririn buroshinki. Fenti kuwa ki riƙe abinki. Wata mata a cocin su Peculiar tana da ɗan'uwa a Legas, ya ce zai nemo mana. Da ma ba don ni na roƙe ki ba.

Ɗakinki yana nan. Ran da kika zo, Peculiar za ta dawo nawa.

Yusrah


Kaduna
Agusta, 2024

Yusrah,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, yara na gaishe ki. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Goggo, ya sa ta huta.

Kin yi mamakin ganin takarda, na sani. Na ɗauki murya a waya na goge, na sake ɗauka na goge. Shekarun nan duk gaisuwar Sallah muke yi da barkar haihuwa, in na zo Yola in kwana ɗaya in juya, kowa na zaton aiki ne. Abin da zan faɗa ba zai shiga irin wannan gaisuwar ba.

Na ga Peculiar. Kin san ta taso daga Michika don zaman makoki, ita da Ephraim, wanda kika taɓa ce min ya ɓullo daga Kamaru bayan an fid da rai. Ba ki haɗa mu ba, ban kuma nema ba. Ita ta same ni a bayan gida ina wanke kofuna. Duk shekarun nan na ƙera ta a raina doguwa, mai ji da kai. Sai ga 'yar ƙaramar mata da tabarau, hannunta duk kantar fartanya. Ta ce da ni da irin Hausarsu, "Kai ne Zulfa." Ba tambaya ba ce.

Ta zauna tana ɗauraye min. Ta ce ta daina zane tun da ta koma, gyaɗa take nomawa bayan an tashi makaranta, duwatsun ga su nan a ƙofar gida, me za ta zana. Sannan ta ce akwai lokacin da ba ta son jin sunana. Wai in ta ɗauki kofi, Goggo ta ce wannan na Zulfa ne, ɗauki wancan. In an yi miyar yakuwa, Zulfa ba ta son ta da tsami. In mota ta tsaya a waje, Goggo ta ɗaga kai. "Ni gidana ya ƙone," in ji ta, "kai kuma ga naka, ana jiranka kullum, ba ka zuwa. Na ji haushinka sosai." Ta faɗa tana dariya, ni kuma na rasa inda zan sa fuskata.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da zan taso na ce wa mai Keke ya bi ta Jimeta. Na sauka a gaban shagonki. Na ga sunanki a allo, ke kaɗai. Na ga katunan a jere a bayan gilashi, rana na dukansu, launi na sauyawa in mutum ya gifta. Na ga 'yan matan da kike koya wa sun sunkuya a tebur. Na so in ce na yi murna kawai, amma ƙarya ce. Na yi murna, kuma kishin nan ya taso min a ƙirji kamar jiya. Ni rabona da buroshi tun shekarar nan. Na tsaya har mai Keke ya gaji da jira, na kasa shiga, na koma na hau.

Ban san me nake roƙo ba. Na dai ga Goggo ta tafi, mu biyu muka rage da muka san zauren nan.

Addarki,
Zulfa


Jimeta
Agusta, 2024

Adda,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai godiya. Ki shafa min kan yara.

Na gan ki. Kina sanye da mayafi ruwan toka, kin riƙe jaka a ƙirji. Ina tsakiyar shafa fari a katin suna, na ɗaga kai na gan ki ta gilashi. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce wata mata ta daɗe a waje, ko ta je ta shigo da ita. Na ce ta bari.

Ba fushi ba ne. So na yi sau ɗaya a rayuwa ki shigo wurina da ƙafarki, ki tsaya ki duba aikina ina kallon fuskarki. Na zauna ina jira har fentin ya bushe a bakin buroshi. Da Keken ya tashi na shiga ciki na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ni ma na kasa fitowa, Adda. Taku kaɗan ne tsakaninmu.

Za a yi addu'ar arba'in a gida. Ki zo da yara, kada ki ce kwana ɗaya. Ranar Juma'a 'yan matan ba sa zuwa, ni kaɗai ce a shago daga saukowa masallaci har la'asar. Ƙofar tana ɗan cijewa, sai kin tura da ƙarfi.

Ƙanwarki,
Yusrah